Shari'ar Kogon Kirkwall

Bayan sallar la'asar Bazazzagi ya iso rumfar Malam da faifan wasan kwamfuta a hannun dama, hannun hagu kuma yana shaƙe da wuyan rigar Bakanon da ya sayar masa da faifan. Malam bai taɓa riƙe madannin wasa ba tun da aka haife shi, amma ya shekara da shekaru yana raba rigimar 'yan kasuwa, saboda haka ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya ce su zauna.

Malam: Kai Bazazzagi, fara sakin rigar mutum tukuna, domin ba a sauraron ƙara alhali wanda ake ƙara ba ya iya numfashi.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, wannan bawa nawa ne ya cuce ni. Da farko ya sayar mini da wani wasa mai suna Dragon Age: Origins, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada ya fitar a watan Nuwamban 2009, kuma ba zan ci amanarsa ba, wasan ya yi kyau ƙwarai. Tun kafin a fara, mutum ne yake zaɓar asalinsa daga cikin asali shida: ko ɗan sarauta, ko matsafi, ko wada ɗan sarki, ko wada talaka, ko ɗaya daga cikin mutanen nan masu dogon kunne, na birni ko na daji, kuma kowane asali da irin mafarin labarinsa. Ni na zaɓi ɗan sarauta.

Bakano: Dole ka zaɓi sarauta a cikin kwamfuta, tunda a waje ko mai unguwa bai san sunanka ba.

Malam: Alhaji, ba a ba ka bakin magana ba. Ci gaba, Bazazzagi.

Bazazzagi: Na zagaye ƙasar Ferelden gaba ɗayanta, na shiga daji, na hau hasumiyar matsafa, na gangara birnin wadanni da ke ƙarƙashin ƙasa har na naɗa musu sarki da hannuna, sannan na tara rundunar da ta kashe babban dodon nan mai fuka-fuki. Da na gama sai wannan mutumin ya ce mini akwai kashi na biyu, wai shi ma na farkon ba komai ba ne a kansa. Na biya kuɗi ban ko nemi ragi ba, na sayi man janareto, na kulle ɗaki, na kashe waya. Allah ya gafarta Malam, asali shida ya koma ɗaya. An ce mini sunana Hawke, ɗan gudun hijira, ko ina so ko ba na so, kuma aka ajiye ni a birni ɗaya mai suna Kirkwall, inda kusan duk labarin ya ƙare a tsakanin unguwar masu kuɗi, da unguwar talakawa, da bakin tashar jirgin ruwa.

Malam: Zaman gari ɗaya ba laifi ba ne. Ni kaina ban taɓa wuce Kafur ba, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Bazazzagi: Da garin ne kawai, da na yi haƙuri. Maganar kogon ce ta kawo ni. An aike ni wani kogo in kashe 'yan fashi, na je na kashe su. Aka sake aikena wani kogo dabam, a wani wuri dabam, in kori matsafan da suka gudu, ina shiga sai na ga matakalar katakon nan da na sani, da kwanar nan da na sani, da dutsen nan da na tsaya a bayansa jiya. Na uku ma haka, na huɗu ma haka. Abin da suke yi kawai shi ne su toshe wata ƙofa da dutse su buɗe wata, ko su shigo da kai ta baya maimakon ta gaba, kuma ko kunyar gyara taswirar da ke gefen allo ba su ji ba, domin tana nuna maka hanyar da aka toshe ɗin a fili, ga ta nan, amma ba ka da ikon bin ta.

Bakano: To, Malam, ka ji fa. Mutum ya gina kogo ɗaya, ya ba 'yan fashi haya, ya ba matsafa haya, ya ba gizo-gizo haya, kowa yana shiga a lokacinsa ba tare da sun yi karo ba, sannan a kira wannan cuta? Wallahi da na san wanda ya yi wannan dabarar, da na ɗauke shi yaron shago.

Malam: Ban gane ba. Su 'yan hayar ba su taɓa kai ƙara ba?

Bazazzagi: Ba sa daɗewa, Allah ya gafarta Malam, ni nake kashe su. Kuma kashe su ma wani abin takaici ne. A wasan farko, idan ka hango abokan gaba sai ka tsayar da wasan, ka ɗaga ido ta sama ka ga filin duka, ka ajiye mai garkuwa a gaba, mai baka da matsafi a baya, ka shirya yaƙi kamar mai hankali. A na biyun an cire kallon saman nan, kuma da ka gama da waɗanda ke gabanka, ka fara murna, sai waɗansu su diro daga sama a bayan matsafinka, sanye da sulke, a tsakiyar titi inda babu bishiya babu bene kusa.

Malam: Daga sama? Da sulke?

Bazazzagi: Da sulke da takobi. Idan ka gama da su, waɗansu su sake dirowa.

Malam: A'uzu billahi. To kai Alhaji, me za ka ce?

Bakano ya gyara hularsa, ya share maƙogwaro. Ya kamata a faɗa a nan cewa bai taɓa buga wasan ko na minti ɗaya ba, amma babu wani abu da ya shafi cinikinsa da bai haddace ba.

Bakano: Allah ya ja zamanin Malam, a duba lokaci. Wasan farko tun a 2004 aka sanar da shi, bai fito ba sai 2009. Na biyun kuwa a watan Maris na 2011 ya fito, wata goma sha shida kacal bayan na farko, a ƙarƙashin kamfanin EA da ya sayi BioWare. Duk wanda ya kai wa tela yadi ana jibi sallah, ya ce lallai sai ya sa ranar idi, ai ya san zai karɓi riga, amma kada ya tsaya auna hannun dama da na hagu. Kuma shi wannan mai ƙarar bai gaya maka cewa labarin gaba ɗaya wani wada ne mai suna Varric yake ba da shi ba, ana tsare da shi ana yi masa tambayoyi, kuma tun a farkon wasan aka kama shi yana ƙara gishiri. Idan mai ba da labari ya ce kogo, ai ba dole ne ya zana maka sabo kullum ba.

Malam: Wato kamfani ya yi gaggawa, an ɗora laifin a kan wada.

Bakano: Shi ma ma'aikacinsu ne, Malam.

Bazazzagi: Kada ka taɓa Varric, shi kaɗai ne mai mutunci a garin nan. Amma a tambaye shi maganar Leliana. Allah ya gafarta Malam, a wasan farko akwai wata mace mai suna Leliana da muke tafiya tare, muka sami saɓani a kan tokar wata waliyyiyarsu, ta zare mini makami, na kashe ta da hannuna, na kwashe kayanta na sayar. An yi mini alkawari cewa wasa na biyu zai karanta abin da na aikata a na farko. Ina kaiwa ƙarshen na biyun sai ga Leliana tsaye, lafiyarta ƙalau, ko tabo babu.

Malam: Ka tabbata ka kashe ta?

Bazazzagi: Na tsaya a kan gawarta.

Malam: To wannan ba hurumin sulhun kasuwa ba ne, sai dai a nemi masu ruƙiyya. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne yadda kake faɗin kisan kai a rumfata ba ko nadama, har da sayar da kayan mamaciya.

Bakano: Nawa ka sayar?

Bazazzagi: Rufe mana baki. Saura babban abin, Malam. Rigimar garin tsakanin matsafa ce da dakarun da ke tsaronsu. Shugabar dakarun sunanta Meredith, shugaban matsafan kuma Orsino. Shekara da shekaru a cikin labarin ana ja mini rai cewa ranar zaɓi tana zuwa, kuma ni na ɗauki abin da gaske, har nakan ajiye madanni in yi tagumi ina auna wanda ya fi gaskiya. Ana cikin haka wani abokin tafiyata mai suna Anders, wanda na yi ta yi wa hidima, ya tarwatsa babban ɗakin ibadar garin, kuma babu abin da za ka yi ka hana shi. Aka ce in zaɓi ɓangare. Na bi matsafa, muna cikin yaƙi sai Orsino, wanda nake karewa, ya rikiɗe ya zama dodo, dole na kashe shi, sannan na kashe Meredith. Na ce wataƙila ni na yi kuskure, na koma na bi dakaru. Na kashe Orsino, na juyo ina jiran godiya, sai Meredith ta zare mini jan takobi, dole ita ma na kashe ta.

Malam: Wato ko ta ina ka bi, su biyun nan sai sun mutu.

Bazazzagi: Ko ta ina.

Malam: To me ya sa aka tambaye ka?

Bakano: Girmamawa ce, Malam. Ai ni ma nakan tambayi mai saye launin da yake so ko da launi ɗaya ne ya rage a shago.

Malam ya yi shiru yana shafa gemu, kuma a ganina a nan ne ya fara tausaya wa Bazazzagi, domin shi ma an sha kiransa shawarar ɗaurin auren da aka riga aka tsayar da ranarsa.

Bakano: Don a zauna lafiya, ina da kashi na huɗu, The Veilguard, sabo dal. Ya ƙaro kuɗi kaɗan in ba shi.

Bazazzagi: Ka ji shi ko? Na uku, Inquisition, ya fito a 2014, har ya ci kyautar wasan shekara, ya ƙare da alkawarin babbar rigima da wani mai sanƙo mai suna Solas. Mutane suka jira shekara goma cur, sai 31 ga Oktoban 2024 na huɗun ya fito, kuma daga duk hukuncin da mutum ya yanke a wasanni uku, abu uku kawai ya tambaya, su ma duk daga Inquisition. Sarkin da na naɗa wa wadanni, babu wanda ya tambaye ni shi. Shi kansa EA ya faɗa a farkon 2025 cewa kimanin mutum miliyan 1.5 ne suka buga shi, wajen rabin abin da suka sa rai.

Bakano: Rabi? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabin ciniki?

Malam: Sai yanzu na ga hawaye a idonka, Alhaji. An kashe mata, an rushe ɗakin ibada, ba ka motsa ba.

Bakano: Waɗannan ai na cikin kwamfuta ne, Malam. Wannan kuwa kuɗi ne na gaske.

Malam: To, Bazazzagi, tambaya ɗaya ta rage. Wannan wasa da kake ƙara a kansa, ka buga shi har ƙarshe?

Bazazzagi: Na buga.

Malam: Sau nawa?

Bazazzagi: Sau ɗaya da matsafa, sau ɗaya da dakaru, sai kuma sau ɗaya don in tabbatar da maganar kogon, saboda ba na son in zo gabanka da zato.

Malam: Madalla da bincike. Hukuncina shi ne, kuɗi ba za su dawo ba, tunda an mori kaya har sau uku, amma saboda Alhaji ya ce na biyun ya fi na farko alhali bai taɓa bugawa ba, zai canza maka faifan da wani, kuma kai za ka zaɓa da kanka.

Bakano bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya buɗe jakarsa ya fito da faifai biyu, ɗaya a cikin baƙar leda, ɗaya a cikin fara, ya ajiye su a kan buzun Malam.

Bakano: Zaɓi, ranka ya daɗe, amma ka yi tunani sosai, domin zaɓin nan yana da nauyi.

Bazazzagi ya daɗe yana kallon ledojin, ya ɗaga wannan ya auna, ya ɗaga waccan ya girgiza, daga bisani ya yi bisimilla ya ɗauki baƙar, ya kwance.

Bazazzagi: Malam, Dragon Age II ne! Shi ne dai wanda na dawo da shi!

Malam: To buɗe farar mu gani.

Bakano: Kada ya wahalar da kansa, Malam, ita ma shi ne a ciki, sai dai ta ƙasa ake kwance ta.