Ranar da Na Kai Iyalina Cin Kaka

Wani abokin aikina da aka tura karatu Ingila ne ya jawo mini. Tun da watan Oktoba ya kama yake cika mana Facebook da hotuna. Yau ga shi a gonar tufa da kwando a hannu, gobe ya rungume wata ƙatuwar kabewa kamar ya tsinci ɗansa da ya ɓata, jibi yana tsaye cikin busassun ganyaye yana washe baki. Wai kaka ce ta yi a can, kuma haka Turawa ke fita da iyalansu, su biya mai gona kuɗi don ya bar su su tsinki 'ya'yan itace da hannunsu. Su biya, kuma su yi aikin! Na ce a raina, ikon Allah, kabewar da ake ba mu kyauta mu ce ta yi nauyi, ita ce yau ake ɗaukar hoto da ita. In dai kaka ce, ai mu ne masu ita.

Daren Juma'a na tara iyali na ce kowa ya shirya, gobe da sassafe za mu je mu ga kaka. Autana mai shekara 5 ya ce, "Abba, ai jiya muka je wajen Kaka a Gwammaja." Na ce ba waccan ba, wannan cin ta ake yi. Yaro ya fashe da kuka. Sai da uwarsa ta yi minti goma tana rantse masa cewa babu wanda zai taɓa masa kakarsa.

Na zauna na rubuta abubuwan da za mu ci a takarda, don ni ba na abu da ka: tumu, gasasshiyar masara, gyaɗar da aka gasa a gona, takanɗa, sai fara in an dace. Uwargida ta haɗa zoɓo ta cika kula, ta naɗe tabarma. Ni kuma na fito da sabon wandon motsa jikin da na saya shekara biyu da suka wuce ban taɓa motsa komai da shi ba, irin mai laushin nan kamar bargo, na haɗa da safa mai kauri da kambas. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, a haka za ka shiga gona?" Na ce mata a gona aka yanke mini cibiya. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Sarkin Noma."

Garinmu yana can bayan Ɗambatta, kuma rabona da shiga gonarsa da sunan aiki shekara 26 ke nan. Wannan ban faɗa wa yara ba. Abin da na faɗa musu, tun daga shataletalen Dawanau inda manyan motoci ke ta sauke buhunan sabon hatsi, shi ne tarihi. Na ba su labarin yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka koma wa gyaɗa gadan-gadan, da yadda su Alhassan Ɗantata suka riƙa jera buhuna har suka zama dala, da yadda farin 1973 da cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975 suka taru suka karya harkar. Babbar 'yata ta ce, "Abba, kai ma ka noma gyaɗa?" Na yi wata 'yar dariya irin ta manya na ce, ko ido a rufe aka kai ni gonar gyaɗa zan gane ta da ƙamshi.

Mun tarar da Baffa a zaure yana gyaran igiya. Aka gaisa, aka tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, aka sha fura. Sannan na zaro takardata na fara karantowa. Ina cewa tumu sai Baffa ya ajiye igiyar.

"Tumu? Yanzu?"

Na ce e, Baffa.

"Kai yaro, geron da aka yanke tun watan jiya, yana can an ɗaure shi dami-dami ana sussuka? Tumu ai sai zangarniya tana ɗanya, ƙwayar da sauran ruwa a jikinta. Ka makara da wata biyu."

Na ce to masara fa? Ya nuna mini saman rumbu inda aka shanya ta, ta bushe ƙayau. Ya ce in ina da haƙoran jaki, bismillah. Haka abu biyu suka fita daga takardar tun ban tashi daga tabarma ba. Ashe abin da na riƙe a kaina duk shekarun nan shi ne ɗanɗanon abubuwan, amma wanne ke zuwa kafin wanne, wannan ya zube a hanya. Ni a tunanina kaka kamar kanti ce, komai yana jere yana jira.

Baffa ya haɗa mu da taubashina, ɗan Gwaggo, ya ce ya kai mu gonar gyaɗa, yau ake cira. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san an riga an miƙa ni ga mahauci. Ya kalli wandona ya yi shiru, irin shirun da yanzu na gane na mugunta ne. Muka kama burtali. Da muka zo wata kwana sai na tuna akwai yanke ta cikin wata saura, hanyar da muke bi muna yara. Na ce su bi burtali, ni zan riga su. Taubashina ya ce, "Ai kai ɗan gida ne, wa zai nuna maka hanya?"

Taku goma na yi na ji kamar an watsa mini allurai a ƙwauri. Ƙarangiya. Ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Ta bushe ta yi jawur tana jiran mai tsautsayi, sai ga ni na kawo mata wando mai gashi da safa mai kauri, abin da ta fi so a duniya. Komawa baya ƙaya, ci gaba ƙaya. Na daure na ratsa, ina tafiya ƙafafu a wawware kamar yaron da aka yi wa kaciya. Ko da na fito, daga gwiwa zuwa ƙasa na zama bushiya. Na sa hannu zan cire, ta bar wandon ta koma yatsa. Na sa ɗaya hannun, ta koma can. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba, ɗauke da ƙwarya a ka, ta tsaya ta ce, "Baba, ka lashi yatsanka tukuna, in da yawu ba ta kamawa." Na sani fa! Wallahi na san wannan tun kafin a haifi ubanta. Amma sai da ta faɗa na tuna. Haka na zauna a bakin gona, magidanci mai 'ya'ya uku, ina lasar yatsa ina tsintar ƙaya, uwargida kuwa ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Don in dawo da martabata, muna shiga gona na tsaya a kan wasu kunyoyi na kira yara. Na ce ga gyaɗa, ku duba da kyau, 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa suke. Na kama tushe guda na fizge. Sai ga wasu ƙwallaye zagaye-zagaye, kowanne da ƙwaya ɗaya a ciki. Yarinyar nan mai ƙwarya, wadda ban san ta biyo mu ba, ta ce, "Wannan ai gurjiya ce." Babbar 'yata ta ce, "Abba, ko don idonka a buɗe yake?"

Gyaɗar tana gaba kaɗan. Na karɓi fartanya na ce a ba ni kunya guda. Noma na duƙe tsohon ciniki, haka ake masa kirari, kuma a duƙen nan maganar take. Ƙasa ta fara bushewa tun da ruwa ya ɗauke, in ka ja da ƙarfi ganyen ya biyo ka 'ya'yan su zauna a ƙasa, sai ka sassara gefe ka ɗago a hankali ka kakkaɓe. Na yi tushe goma sha biyu, na ƙirga. A na sha uku bayana ya ce shi nan ya tsaya. Na miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, na ce dama nuna wa yara kawai nake yi. A lokacin yaran ƙauyen sun kai ƙarshen kunya sun juyo.

Daga nan na ce bari mu je su ga yadda ake sussuka. Su Gwaggo suna masussuka, turame na ta amsa juna, wasu na shiƙa da ƙorai, su ɗaga sama su zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Gwanin kyau. Na zaro waya, na zagaya ina neman inda hasken rana zai fi kyau, don abokina na Ingila ya ga yadda ake kaka ta gaskiya. Inda na samu hasken kuwa, nan ne daidai inda iska ke kaɗawa. Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Kai, matsa daga nan!" amma ƙwaryar ta riga ta karkace. An ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Ranar dai bai koma ba, ni ya samu, ya shiga wuya, ya gangara baya, ya haɗu da gumi. Wanda ƙaiƙayin gero bai taɓa shiga rigarsa ba, ba zan iya yi masa bayani ba. In ka sosa ya ƙaru, in ka bari ya ƙaru. Hoton da na ɗauka kuwa, sama ce da rabin babban yatsana.

Takanɗa kam an samu, mai zaƙi. Na nuna wa yara yadda ake ɓare ta da haƙori, ɓawon ya tsaga mini leɓe. Mu wuce wannan.

Saura abu guda da zai fid da ni kunya, gashin gyaɗa. Yadda ake yi ba wuya: a share wuri fili, a zube ɗanyar gyaɗa, a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa, a ƙyasta ashana, wuta ta yi bal-bal ta mutu, sai a tona toka ana ci ana ƙona yatsa, baki ya yi baƙi ƙirin. Yaran ƙauyen suka ce a yi a tsakiyar gonar da aka gama cira. Na ce a'a, rana ta yi zafi, a koma inuwar gawon can. Taubashina ya tafi ɗebo ruwa, ba wanda zai musa mini. Na ga ciyawar da suka kawo ta yi kaɗan, na ƙara kara, na ƙara karmami, har tsibin ya kai ƙuguna. Ban lura da abu biyu ba. Na farko, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas. Na biyu, tulin ganyen da ke jingine a gindin gawon ba shara ba ce. Harawar waken Baffa ce, dami goma, wadda yake tanadi don tumakinsa su ci da rani, ya sayar da saura lokacin da ta yi tsada.

Wutar ta tashi, ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta kwanta gaba ɗaya ta nufi harawar.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Ciwon baya ya warke, ƙaiƙayi ya ɓace. Yara na watsa ƙasa, mata sun baro turame suna salati, taubashina ya yar da jarka ya karyo reshen darbejiya yana ta bugu. Ni kuma na rarumi abin da ya fi kusa da ni, kular zoɓo, na juye ta ɗungurungum. Ta ce cuuu, wani ƙamshin citta da kanumfari ya tashi, wutar ta ci gaba da harkarta. Da ƙyar aka janye dami uku. Gyaɗar da aka yi don ita kuwa, da muka tona, gawayi ce zalla, in ka murza sai ta zama kwalli.

Baffa ya iso yana dogara sanda. Ya dubi toka, ya dube ni, da leɓe a kumbure, fuska duk baƙi, zoɓo ya jiƙe mini kambas kamar na taka jini. Ya ce, "Ba wanda ya ƙone?" Aka ce babu. Ya ce, "To alhamdulillahi." Shi ke nan abin da ya faɗa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Taubashina ne ya cike gurbin. Ya ce, "Malamai dai sun ce abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa zakka, kuma a hatsi. Kai ka zo ka fitar da bakwai cikin goma, a harawa, ka ba iska." Har Baffa sai da ya rufe baki da hannun riga.

Na ja taubashin gefe na tambayi kuɗin dami, na lissafa bakwai, na tura masa ta waya ya saya wa Baffa, don na san in na miƙa da hannuna ba zai karɓa ba. Kuɗin ya kusa na man da na sha zuwa da dawowa. Wato ni ma na biya, kuma na yi aikin.

Gwaggo ce ta ceci yinin. Ta fito da farar da jikokinta suka kamo da tocila da asuba, lokacin da sanyi ke hana ta tashi, an cire fiffike an soya da yaji. Yarana da nake tsoron za su yi ƙyama suka cinye kwano guda suna neman ƙari. Ni ban ci ba, yaji da tsagaggen leɓe ba sa shiri. Aka cika mana but da tsaraba, gyaɗa rabin buhu, wake, gurjiya, da kabewa biyu manya waɗanda ban ce sun yi nauyi ba.

Mun kusa Dawanau bayan magariba, na hango wata yarinya da farantin dafaffiyar gyaɗa a bakin titi. Na tsaya na sayi gwangwani huɗu na miƙa baya ba tare da na ce uffan ba. Ana cikin ci wayar uwargida ta yi ƙara, Kaka ce daga Gwammaja. Auta ya karɓe. Muna jin muryarta tana cewa, "Maigidana, ina ka shiga yau ka bar ni ba cefane?" Ya ce, "Kaka, ba a cinye ki ba! Abba ya ƙona abincin tumaki, kuma ya zauna a ƙasa yana lasar hannu."

Uwargida ta karɓi wayar ta ce, "Lafiya lau muka dawo, Hajiya. Ga Sarkin Noman nan, tuƙi yake yi."