Littafin da ya dawo a cikin ledarsa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan La'asar, na hau kabu-kabu zuwa Mabera, a nan Sakkwato, don in yi wa ɗan ƙanwata sannu da zuwa. Wata bakwai ke nan da muka raka yaron nan filin jirgin Sultan Abubakar III, ya samu aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Saudiyya, kwantiragin shekara biyu. Wata bakwai, ga shi a gida. Ba hutu ya zo ba, sallamarsa aka yi.

Na same shi a kan tabarma, akwati a buɗe, yana fiddo 'yar tsaraba: dabino, jallabiya biyu, kwalaben turare. A can ƙasan akwatin na hango wani littafi mai shuɗin bango, yana nan cikin ledar da aka ba shi, ko ɓare ta ba a yi ba. Ya shimfiɗa shi ne don kada kwalaben su fashe. Na ɗauka na juya. Kundin dokokin ma'aikatan makarantar ne, shafi 46, gefe ɗaya Larabci gefe ɗaya Turanci.

Na ce da shi, me ya faru? Ya ce, "Kawu, wallahi ban san mi niy yi musu ba. Mugunta ta kawai, don sun ga ni baƙo na."

A gabansa na yage ledar. Na ce ya faɗa mini laifukan da suka lissafa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki hoton 'yan ajinsa ya sa a Facebook: ga shi a shafi na 12, an hana. Ya makara sau da yawa bayan hutun ƙarshen mako: ga shi a shafi na 7, har da adadin makarar da ke jawo takardar gargaɗi. Na ƙarshe, wanda ya karya shi, ya riƙa zuwa gidan wani ɗalibi da dare yana yi masa lesin ana biyansa. Wannan ma an rubuta shi da manyan baƙaƙe, an ce wanda ya yi a bakin aikinsa. A shafin ƙarshe kuma akwai gurbin sa hannu, inda ma'aikaci ke shaida cewa ya karanta ya fahimta. Na tambaye shi ko ya sa hannu a irin wannan takarda. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sa, ranar da ya isa.

Uwarsa tana bakin murhu tana jinmu, ba ta ce uffan ba. Ita ce ta sayar da filinta na gado aka biya ejan.

Tun daga ranar abin yake cin raina, shi ya sa na ce bari in yi magana da ku, ƙannena da 'ya'yana masu shirin fita waje da sunan koyarwa. Ba shi kaɗai ba ne. Na san wanda ya dawo daga Oman, na san wanda bai ko yi nisa ba, nan Ƙwanni ya tsallaka ta Illela, shi ma zangon karatu ɗaya ya yi aka nuna masa hanya. In ka bi diddigi, cutar ɗaya ce: an miƙa musu takarda, sun rattaba hannu, ba su karanta ba.

Malamin Turanci fa! Mutumin da sana'arsa ke nan ya tsaya gaban allo ya koya wa yara karatu da auna fahimta. Kai ne kake ce wa 'yan jarrabawar WAEC da NECO kada su taɓa biro sai sun karanta umarnin da ke saman takarda, har kana zare musu ido. Sai ga shi kai an ba ka umarnin da cinka da shanka da mutuncinka suka rataya a kai, ka mayar da shi matashin kwalba. Shafi 46 ya fi ƙarfinka? Na ga yadda kuke raba dare a kan waya kuna bin cacar baki a Facebook, sharhi ɗari uku, ba ku tsallake ko ɗaya, har ku koma baya ku ga wa ya fara zagi. Wannan ba ya gajiyar da ido, sai abin da zai amfane ku.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi abin da za ka ɗaura. To ta ina za ka san irin wutsiyar garin in ba ka buɗe littafin ba? Kowace ƙasa da tsarinta. A Saudiyya tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne, ranar Lahadi da sassafe ake komawa aji, ranar da jikinka ya saba da barcin safe. Ka matsa Dubai, tun 2022 sun koma Asabar da Lahadi. A dokar ƙwadagon Saudiyya akwai lokacin gwaji da ke iya kai har kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamarka ba tare da kobon garatuti ba. Wanda ya ƙaurace wa aiki fiye da kwana 15 a jere babu uzuri, doka ta ba mai makaranta damar korarsa bayan gargaɗi a rubuce. Idan kuma aka samu saɓani tsakanin Larabcin kwantiragi da Turancinsa, Larabcin ake ɗauka. Mu da Allah ya sa muka tashi a garin da kowane lungu akwai malamin da zai warware maka Larabci a zama ɗaya, me zai hana ka ɗauki hoton shafukan ka turo gida a duba maka? Girman kai ne kawai, kada a ce mai digiri bai gane ba. Matambayi ba ya ɓata.

Batun lesin ɗin nan shi ya fi tsaya mini, domin a nan ne kwaɗayi da rashin karatu suka haɗa kai. A gida mun saba, malami ya tashi daga makarantar gwamnati ya zarce ta kuɗi, da yamma ya bi gidaje, babu mai ce masa don me. Sai yaro ya ɗauki wannan ɗabi'a ya zuba a akwati ya tafi da ita. A can kuwa igamarka, wato takardar izinin zama, da sunan wanda ya kawo ka take ɗaure. Yi wa wani aiki ba tare da izini ba, laifi ne a dokar ƙasa, ba a ta makaranta kaɗai ba. Haka abin yake a Sin, inda bizar aiki ke ɗaure da makarantar da ta ɗauke ka, kuma tun 2021 gwamnatinsu ta matse harkar lesin na kuɗi har cibiyoyi masu yawa suka rufe. Ɗan ƙanwata ya ce mini uban ɗalibin ne ya roƙe shi, ya ji kunyar ya ƙi. Na ce to yanzu ina uban ɗalibin? Yana gidansa, ɗansa yana makaranta, kai kana Mabera. Riyal nawa ka tara a lesin ɗin, nawa ka yi asara? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hoton yara kuma, wannan ban san ranar da za ku warke daga gare shi ba. Komai sai an ɗauka. Tun daga matakalar jirgi ake fara yi mana tallan kai, a ɗauki farantin abinci, a ɗauki aji, a rubuta ana godiya ga Allah, alhali so ake abokai su ji haushi. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, amana aka ba ka. Akwai iyayen da ko makusantansu ba su yarda su yaɗa hoton 'yarsu ba, sai kai baƙon jiya. Makarantar da ta rubuta maka kada ka yi, kada ka karɓi lambar ɗalibi, kada ka keɓe da yaro a aji ƙofa a rufe, kada ka karɓi kyauta daga iyaye, kai take karewa daga ƙazafin da in ya hau kanka ba ka da dangin da za su tsaya maka a can.

Kada wani ya ce na goyi bayan masu makarantu. Akwai azzalumai a cikinsu, na sani sarai. Akwai mai riƙe fasfon ma'aikaci alhali dokar Saudiyya ta hana. Akwai mai ƙara maka awoyi ya hana ka ladansu, mai jinkirta albashi, mai nuna maka bambanci don launin fata. Amma da me za ka yaƙi irin wannan in ba da takardar da kuka sa wa hannu ba? A cikinta ne za ka ga kana da hutun shekara na aƙalla kwana 21, za ka ga Musulmi awa 6 yake aiki a rana cikin azumi, za ka ga garatutinka rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko. A ciki ake faɗin matakan ladabtarwa, gargaɗin baki, na rubutu, da wurin da za ka kai kuka in an cuce ka. Wanda bai karanta ba, ko an taka shi bai san an taka shi ba, in kuma shi ya yi laifi sai ya dawo yana kiran mugunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su ma ejan-ejan ɗin nan da ke cika wa yara kunne, Allah ya isa tsakaninmu da wasunsu. Wani ya zo mini da murna wai an yi masa alkawarin koyarwa a Koriya ta Kudu, har ya ba da kafin alƙalami. Bizar malamin Turanci ta ƙasar nan 'yan ƙasashe bakwai aka ware wa, kuma a duk Afirka 'yan Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. Minti biyar na karatu da ya tsirar masa da kuɗinsa. Ga masu sayen satifiket na bogi a intanet, alhali kwas na gaske irin CELTA na Cambridge sai ka yi awa 120, ka koyar awa 6 ana zaune ana duba ka. Iyaye ma muna da namu kason. Yaro ya kawo takarda, tambayarmu ɗaya ce: nawa za a riƙa biya, nawa ke nan a naira? Babu mai cewa zauna ka karanta mini sharuɗɗan in ji.

Abin da ya fi ba ni takaici, wannan sakaci ba tarbiyyarmu ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta yarjejeniyar bashi ta sauka. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. Sa hannunka alkawari ne. In ka rubuta cewa ka karanta ka fahimta alhali ba ka buɗe ba, ƙarya ka fara da ita tun ranar farko, kuma a kanta ka ɗora albashin da kake turo wa mahaifiyarka.

Garin nan da malanta aka san shi. Sardauna da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, Midil ta Sakkwato ya dawo ya riƙe alli kafin a ba shi Rabah. Shehu Shagari a nan ya koyar, ya yi hedimasta a Argungu, tun kafin a san shi a siyasa. Mu da muka yi makarantar horon malamai mun tarar da ɓurɓushin wannan tsari. Littafin sa hannu yana kan teburin hedimasta, lokaci na cika ya ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya san sai ya yi bayani. Ba ka shiga aji sai an duba shirin darasinka an sa hannu. In aka ce sufeto na tafe, har farcenka sai ka duba. Dokokin aiki kuwa haddace su muke yi kamar karatun allo, domin ana tambayarmu a jarrabawar ƙarin girma. Da gwamnatin Babangida ta kafa shirin TAC a 1987, aka riƙa tura malamanmu ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu-biyu, na san waɗanda suka je suka dawo da takardun yabo, har ana roƙon a bar su su ƙara. Ba su fi ku Turanci ba. Abin da suka fi ku shi ne in an ba su takarda sukan zauna da ita.

Yau ina jan layin? Malami ya zo ƙarfe tara, hedimasta ya zo goma, wa zai tuhumi wa? Yaron da ya tashi a haka, ya ga doka abar rataya ce a bango, shi ne muke ɗorawa a jirgi mu ce Allah ya tsare. Ya isa inda ake aiki da abin da aka rubuta, ya yi ta karo da bango kamar makaho. Kuma wake ɗaya ke ɓata gari: duk wanda aka koro, ya rufe ƙofa ga ɗan Najeriya goma da ke bayansa, waɗanda da ma da ƙyar ake yarda a ba su ajin Turanci.

Ku ji tsoron Allah ku riƙa karantawa. Ku nutsu, ku rage gaggawa, ku tambayi na gaba da ku. Gemun ɗan'uwanku ya riga ya kama wuta.

Littafin yana wurina yanzu, na taho da shi. Jiya da dare wani tsohon ɗalibina ya zo sallama, ya samu makaranta a Yamai, jibi zai bi motar Illela. Na ce an ba ka dokokin wurin? Ya ce an turo masa ta WhatsApp tun makon jiya. Na ce ka karanta? Ya yi murmushi ya ce, "Malam, in na shiga mota zan duba." Na jawo masa kujera, na kunna fitila, na ce ya buɗe wayar ya fara daga shafin farko da ƙarfi ina ji. Sai ƙarfe sha ɗaya saura ya bar gidana, kuma a shafi na 9 muka tarar cewa kuɗin gidan da ya ɗauka kyauta ne, daga albashinsa za a riƙa cirewa.