Dattijon da Ya Riƙe Gida da Sitiyari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa wani dattijo rasuwa a unguwarmu nan Sakkwato, tsohon direban babbar mota da yaro da babba ke kira Baba. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, motar da ya tsufa a cikinta ma ta maigidansa ce. Amma a wajen jana'iza kowa ka taɓa sai ya ce mutumin kirki ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaya wa sahabbai a kan irin wannan yabo cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa.

Da yaron mota ya fara, mai dirowa da gudu ya tare taya da katako idan mota ta tsaya a hawa. Da ya kama tuƙi, albasar Wurno da Goronyo yake ɗauka, wani lokaci shanu daga Illela, ya bi ta Jega, Yawuri, Kwantagora, ya haye gadar Jabba, sai Ilori, Badun, har Ikko. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ya kuma juyo da goro ko manja.

Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane jarrabawar da ke cikinta ba. Albasa ba ta jira, in ta kwana biyu a zafi sai ruɓa, mai kaya kuwa ya matsa. Nan ne wasu ke haɗiyar ƙwaya don kada barci ya ɗauke su, wasu su zuƙe mai su sayar, wasu su sauke buhu biyu su ce ya faɗi a hanya. Baba goro ne abincin darensa. Idan ido ya yi nauyi sai ya gangara gefen titi, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Yaransa sun ce in suka yi ƙorafin jinkiri, amsarsa ɗaya ce: "Lodin ga ba nau na ba, amana ta." Buta da buzu kuwa ba sa rabuwa da bayan kujerarsa. Ya san hukuncin ƙasaru, yana cin rangwamen da Allah Ya yi wa matafiyi, amma bai taɓa mayar da tafiya hujjar barin salla ba.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa, don haka in ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Haka Baba yake. Ana sauke kaya, ba zaman tasha, sai gida, da burodi da ayaba a hannu don yara. Da wannan gumin ya sa 'ya'yansa a makarantar allo da ta boko, ya aurar da mata, ya riƙe marayun ƙanensa ba tare da ya bambanta kwano ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke raina irin waɗannan bayin Allah. Akwai matashin da ke jin nauyin faɗin sana'ar mahaifinsa a gaban abokai, alhali da kuɗin dakon nan aka saya masa littafi. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Muslim ya ruwaito cewa tsakanin dinarin da ka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda ka ciyar da iyalinka, na iyali ne ya fi lada. In naka tsohon yana raye, bayansa da kujerar mota ta lanƙwasa yana buƙatar magani, idon da fitilun dare suka cinye yana buƙatar asibiti. Yau za ka kai shi.

Ku kuma direbobinmu da ke kan hanya a daren nan, Allah Ya tsare ku daga haɗari da 'yan fashi da masu garkuwa, Ya sada ku da iyalanku lafiya.