Takardar CAC ba za ta ƙwato maka sunanka a intanet ba

'Yan kasuwarmu da yawa sun ɗauka da zarar an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, shi ke nan suna ya zama nasu har a intanet. Ina! Sai ranar da wani mai sayar da irin kayanka ya buɗe shafi, ya ƙara harafi ɗaya a sunanka ko ya mayar da .com zuwa .ng, kwastomominka suka fara tura masa kuɗi, sannan ido zai raina fata.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu garzayawa Facebook su yi masa tonon silili. Talla kake yi masa kyauta, Alhaji. Ka fara adana hujja tukuna: hotunan shafinsa, ranar da ya sayi adireshin shafin (sunan da ke ƙarewa da .com ko .ng), da saƙonnin mutanen da suka ruɗe.

Akwai hanyar ƙara. Tun 1999 ICANN, hukumar da ke kula da adireshin intanet a duniya, ta kafa tsarin warware rikicin adireshi da ake kira UDRP, kuma WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, tana sauraron irin wannan rikici, a gama cikin kamar wata biyu. Kuɗin shigar da ƙara kan kai dala 1,500, ban da na lauya. Amma sai ka tabbatar da abu uku a tare: adireshin ya yi kama da tambarin kasuwancinka har ya ruɗar, mutumin ba shi da haƙƙi a kan sunan, sannan da mugun nufi ya saya yake kuma amfani da shi. Na .ng kuwa, NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng a Najeriya, na da nata tsarin.

A sharaɗin farko, wato na tambari, ake kayar da mutanenmu. Rajistar tambari daban take da ta CAC, ofishinta yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja, kuma ƙalilan ne ke lekawa.

Sannan ba duk mai suna irin naka ne ɓarawo ba. Uzi Nissan, ɗan kasuwa a Amurka, ya sayi nissan.com a 1994 saboda sunan gidansu ne. Kamfanin motocin Nissan ya maka shi kotu a 1999, aka shafe shekaru, kamfanin bai samu adireshin ba. Idan sunan shagonka Alheri ko Nasara, akwai ɗaruruwa irinsa daga Kantin Kwari zuwa Maraɗi, wa za ka ce ya kwaikwaye ka?

Ni dai idan mutumin ya riga ka kuma ba damfara yake yi ba, gara ka aika wani ya taya adireshin a asirce. Ya ji kai ne, farashi ya ninka.