Takardar da aka ɗaura a jikin falwaya

Ranar Talata ina dawowa daga aiki na hango wata takarda ɗaure a jikin falwayar layinmu nan Landan, an sa ta cikin leda saboda ruwan sama. Wai za a rushe tsofaffin shagunan bakin titi a gina benaye, duk mai ƙorafi yana da kwana 21 ya rubuto wa ƙaramar hukuma. Har taro aka kira a laburaren unguwa, ni ma na je.

Wata tsohuwa ce ta miƙe tana dogara sanda, muryarta na rawa, ta ce in aka tashi kemis ɗin nan ina za ta riƙa karɓar maganin hawan jini, ita da ba ta iya hawa bas biyu. Wallahi jami'in bai katse ta ba, rubutawa ya yi, har ya tambaye ta lambar bas ɗin. Ashe dokarsu ta daidaito ta 2010 ta ɗora wa hukuma nauyin duba yadda aikinta zai shafi tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu kafin ta yanke hukunci.

Ban ce su waliyyai ba ne fa. A nan Landan aka rushe rukunin gidajen Heygate, sama da gida 1,200, tsakanin 2011 da 2014, talakawan ciki da yawa sai nesa aka watsa su. Amma ko ba komai akwai takarda, akwai inda za ka tsaya ka yi magana a ji ka.

Mu kuwa a gida kun san jan fentin da ake shafa wa ginin da za a rushe. Kun ga yadda aka rushe shagunan filin Idi na Kano a Yunin 2023. Ni ba na jayayya da tsara gari, titi dole ya faɗaɗa, magudanar ruwa dole a buɗe ta, amma wa ke ƙirga mai shayi da mai faci da yaran da ke ci a ƙarƙashinsu?

Goggona shekara 20 tana tuyar waina a rumfa ɗaya, da ita ta aurar da 'ya'yanta, da ita aka biya min jarrabawa. Da asuba katafila ta zo, ko tandarta ba ta samu ɗauka ba. A waya na ji, ina cikin jirgin ƙasa. Na tura kuɗi, ta ce Allah ya yi albarka ɗana, amma har yau ba ta sake kafa rumfa ba, kuma shekara 4 ke nan rabona da ganin fuskarta.