Ƙanena, ka faɗa wa likita duka biyun

Ƙannena na Agege, Idi-Araba da Mile 12, yau da ku nake.

Yaro ya baro gida yana ɗan shekara 16, ya faɗo Legas. Da asuba dakon kwandon tumatir, da dare kwanan rumfa, ba uwa ba yaya. Barci ya ƙaurace masa, gabansa sai faɗuwa yake, kewar gida ta hana shi sakat. Wani ya miƙa masa tiramol wai ta ƙarfin aiki ce, daga baya a haɗa masa da roci don ya runtsa. Shekara na zagayowa mu ce ɗan ƙwaya ne. To wacce ta riga zuwa, damuwar ko ƙwayar?

Sau da yawa tare suke tafe, kowacce tana rura 'yar'uwarta. Mai ciwon damuwa yakan sha don ya samu sa'ida. Wanda kuma ya fara wiwi da ƙuruciya yana iya soma jin muryoyi ko zargin ana bibiyarsa, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. A raba shi da ƙwaya a bar masa damuwar, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mun gani ai: da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, da yawa wani abin suka koma sha.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, LUTH kuwa, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ga ta nan a Idi-Araba, a ƙofar gidanmu. In ka je, kada ka ce "ciwon kai ne" ka ja bakinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi abin da kake sha, guda nawa, tun yaushe. Faɗi kuma abin da ke cin ranka, har tunanin kashe kai in yana zuwa maka. In Turanci ko Yarbanci na ba ka wuya, tafi da wanda ka aminta da shi. Kuma don Allah, in ka daɗe kana shan roci kada ka yanke ta dare ɗaya, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage maka a hankali.

Addu'a kam a yi ta, ba a fasawa. Amma mari da bulala ba su taɓa warkar da ƙwaƙwalwa ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu nas-nas da masu kemis, yaro ba zai ambaci wiwi a gaban kawunsa ko maigidansa ba. Ku nemi babban ya ɗan ba ku wuri na minti biyar. In ya zo da maganar ƙwaya, ku tambaye shi barcinsa da abin da ke damunsa. In da rashin barci ya zo, ku tambaye shi me yake sha, da murya ƙasa-ƙasa, ba irin tambayar ɗan sanda ba.