Dubu saba'in a takarda, makaranta ba malami, asibiti ba ungozoma

Babu gwamnan da zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce ya rage malaman firamare ko ya rufe ƙaramin asibitin mazaɓa. A ɓoye ake yin wannan ta'asa. Malami ya yi ritaya, a ƙi ɗaukar wani. Ungozoma ta nemi canji zuwa birni, a bar gurbinta haka nan. Kuɗin alli da rajista da gyaran rufi su daina zuwa, ba takarda, ba bayani. Bayan 'yan shekaru sai a wayi gari an haɗa aji biyu ko uku a ɗaki ɗaya, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Asibitin da ya kamata ya karɓi haihuwa da dare sai a garƙame shi da la'asar, domin ma'aikaci ɗaya ba zai yi aikin safe da na yamma da na dare ba. Uwa ta zo da yaro jiki zafi ta tarar da kwaɗo, ta juya tana tsine wa ma'aikacin, wanda ya hana ɗaukar ma'aikata kuwa ko sunansa ba ta sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ne ke ci mini rai game da yadda ƙungiyoyin ƙwadago ke tafiyar da gwagwarmaya. Ƙarfinmu duka yana ƙarewa a Abuja, a kan lamba ɗaya. A ranar 3 ga Yuni 2024 manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, sun tsayar da ƙasa cik, har babban layin wutar lantarki aka kashe, kuma a ƙarshen Yuli aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, aka mayar da wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. An yi ƙoƙari, ban raina ba. Amma a yi lissafi. A 2019, da aka sa 30,000, litar fetur naira 145 ce, wato albashin yana sayen lita 206. A Oktoban 2024 lita ta kai kusan naira dubu, wato 70,000 ɗin lita 70 ce kawai. An ƙara lamba, ma'aikaci ya ƙara talaucewa. Kuma ko wannan 70,000 ɗin, wa ya same ta? Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka yawancin malaman ƙananan makarantun kuɗi da masu aiki a shaguna suna waje tun farko. A jihohi kuma sai a biya ma'aikatan sakatariya, a ce na ƙananan hukumomi da malaman firamare su jira kwamiti ya gama aiki.

Ga Abuja nan, ba wani lungu ba. Malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na babban birnin tarayya sun ajiye alli a watan Maris na 2025 saboda ba a fara biyansu sabon albashin ba, kuma yara suka zauna a gida sama da wata uku, sai a Yuli aka koma. Idan haka ta faru a inda ministoci ke wucewa kullum, me ake tsammani a ƙaramar hukumar da ɗan jarida ba ya zuwa?

Akwai dabarar da ya kamata kowane ma'aikaci ya gane. Gwamnati za ta ce ta aiwatar da sabon albashi, kuma a takarda gaskiya ne: na mataki na ɗaya ya samu 70,000. Amma sauran matakan fa? Idan ba a daidaita jadawalin albashi daga ƙasa zuwa sama ba, malami mai NCE da ke mataki na bakwai ko na takwas, mai shekara goma a aji, ƙarin da zai gani a alat ɗinsa bai kai kuɗin mota na mako ba. Wani wurin kuma sai a tattara alawus-alawus ɗin da dama ana biya a cusa su cikin jimilla don lambar ta kai, ba tare da an taɓa tushen albashi ba. Tushen nan kuwa shi ne ginshiƙin lissafin fansho da giratuti. Duk shugaban ƙungiyar da ya sa hannu a yarjejeniya bai ga jadawalin mataki-mataki ba, ya cuci mutanensa, ko ya sani ko bai sani ba. Sai kuma ƙarin girma na takarda: a ba mutum wasiƙa, a shekara biyu ko uku kuɗin bai shiga ba, ariyas kuma a ce a yafe. Sai tantancewar da ba ta ƙarewa da sunan neman ma'aikatan bogi. Na bogin suna da uwa a gindin murhu, ba sa faɗowa. Mai gadi da mai shara da malamin ƙauye da harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunansa na banki da na fayil, su ake tsayar wa albashi.

Cire kuɗi daga albashi ba a kai shi inda aka ce, wannan kuma sata ce, babu wani suna. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki ya ba da kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Jihohi suna da nasu dokokin, amma ƙa'idar ɗaya ce: abin da aka cire amana ne. Sai ka ga an cire na fansho, an cire na bashin banki, an cire na ƙungiyar adashi, banki kuma yana bin malami da ruwa saboda kuɗin bai iso ba. Dattijo ya yi shekara 35 yana aiki, ya koma yana zarya da fayil a hammata.

Tushen matsalar yana asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa. Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.60 ne, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 kuɗin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru sosai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin a gidan mai da tasha da kasuwa. To ina ya shiga? A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin naɗi ba su da hurumi. Gwamnoni suka yi sauri suka shirya zaɓe ta hukumomin zaɓen jihohinsu, jam'iyyar gwamna ta lashe kusan kowace kujera, aka ci gaba da gashi. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora ba zai ce wa gwamna a'a ba.

A nan kuma ƙungiyoyinmu biyu suka ja daga, kowa da gaskiyarsa. NULGE, ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta daɗe tana neman 'yancin nan. NUT, ta malamai, tana cewa a ba su 'yanci amma kada a damƙa wa ciyamomi albashin malaman firamare, domin ba ta manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa wa ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi. Wannan tsoro ba na banza ba ne. A ƙananan hukumomi da yawa albashin malamai kaɗai yana cinye babban ɓangaren kason wata. Abin takaici shi ne maimakon ƙungiyoyin biyu su zauna su fito da matsaya ɗaya, misali a cire albashin malamai da na ma'aikatan lafiya tun daga tushe kafin kowa ya taɓa kuɗin, sai aka bar gwamnoni suna amfani da tsoron malamai suna kare asusun da ke cinye kowa.

Kuma kada wani ya ce babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa da ke raba wa jihohi, sharaɗin kawai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Jihohi da dama sun bar nasu kason yana kwance shekara da shekaru saboda sun ƙi ajiye nasu rabin, yara kuma suna zaune a ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 ga asusun kiwon lafiya matakin farko, ta kuma faɗi yadda za a raba: rabi ga inshorar lafiya, kashi 20 magani da rigakafi, 15 gini da kayan aiki da sufuri, 10 ma'aikata, 5 agajin gaggawa. To idan firjin rigakafi ya lalace wata shida, idan mai naƙuda ce za ta sayo safar hannu da auduga da fitila, akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya, kuma yana da ofis da suna.

Kaduna ta koya mana darasi mai ɗaci. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sallami malaman firamare sama da dubu ashirin da ɗaya bayan jarrabawar gwaji. A Mayun 2021 NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta shiga jihar da yajin gargaɗi na kwana biyar kan korar ma'aikata, aka kashe wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, aka janye bayan kwana uku, shugabanni suka koma Abuja. Korarrun suka rage da iyalansu. A 2017 ɗin iyaye da yawa sun goyi bayan gwamnati, domin sun ga 'ya'yansu sun gama aji shida ba sa iya karanta wasiƙa, kuma ba su taɓa jin ƙungiya ta yi magana a kan haka ba. Ba su taɓa jin ta ce 'yan siyasa ne suka cusa yaransu aikin koyarwa ba tare da cancanta ba. Ƙungiyar da ba ta buɗe baki sai ranar da aka taɓa albashi, ranar da ta nemi jama'a ba za ta same su ba.

Siyasa ma ta yi mana illa. Shugaban reshen jiha da ke hangen kujerar mai ba gwamna shawara ko kujerar Makka ba zai riƙe yajin aiki ya wuce kwana uku ba. Kuɗin ƙungiya kuma ta hannun gwamnati ake cire shi daga albashi, don haka duk ranar da gwamna ya fusata sai ya riƙe, ofis ya mutu. Jam'iyyar Labour da NLC ta kafa a 2002 ta zama abin da ake ta shari'a da rigima a kan wa ke da ita, ba ta gyara makaranta ko ɗaya ba.

Aikin da ake buƙata ba ya buƙatar jirgi zuwa Abuja. Reshen ƙaramar hukuma na NUT da NULGE da ƙungiyar ma'aikatan lafiya su zauna wuri ɗaya. Hedimastoci sun san adadin yara da na malamai a kowace makaranta, da wanda ya yi ritaya ko ya rasu ba a maye gurbinsa ba tun shekara biyar. Mai kula da kowane asibiti ya san ma'aikatan dindindin nawa ne, 'yan sa-kai nawa ne da ke aiki ba albashi, da ranar ƙarshe da magani ya zo. A haɗa wannan a takarda ɗaya, mazaɓa-mazaɓa. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon wata ana wallafa shi, hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da shi, a ɗauko a ajiye kusa da jimillar albashin da aka biya, a ga ratar. A rubuta wa ciyaman da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da hukumar lafiya matakin farko ta jiha a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa, a karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Sannan a kira kwamitin iyaye na makaranta, kwamitin mazaɓa na asibiti, dagaci, limamai, matan unguwa, a karanta musu lambobin da Hausa, a kai gidan rediyo. Idan za a tafi yajin aiki bayan haka, buƙatar farko a takardar ta zama adadin malamai da ungozomomin da za a ɗauka da ranar da za su kama aiki, kuma kada a janye sai an ga wasiƙun ɗaukar aikin da ido.